Burbushin da Ido Ba Ya Gani a Lambunan Shaƙatawa na Landan

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya ɗauko batun iskar da jama'a ke shaƙa a lambunan shaƙatawa na manyan birane, wato filayen nan masu ciyawa da itatuwa da hukuma ke keɓewa a tsakiyar gine-gine domin manya su huta, yara su yi wasa, masu motsa jiki kuma su yi tattaki ko sassarfa. An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda ya bar bakin titi ya shiga irin wannan fili ya tsira daga hayaƙin gari, kuma akwai gaskiya a cikin wannan zato, sai dai gaskiyar tana da iyaka, iyakar kuwa ana iya auna ta da na'ura. Shirin zai tsaya ne a kan birnin Landan na ƙasar Birtaniya, domin birni ne da ya haɗa manyan lambuna da cunkoson motoci wuri guda, kuma likitocinsa sun taɓa fita da marasa lafiya kan titi da cikin lambu, suka gwada huhunsu a wuraren biyu.

Abin da masana ke kira burbushin iska ya haɗa ƙura da toka da kunkunniyar hayaƙi da ƙananan ɗigo masu ɗauke da sinadarai, duk wani abu dai mai jiki wanda ƙanƙantarsa ta sa iska ke riƙe shi ba tare da ya faɗi ƙasa nan take ba. Ana rarrabe shi bisa girmansa, ana kuma auna girman da maikiromita, wato kashi ɗaya idan aka raba milimita gida 1,000. Silin gashin kan mutum yana da kaurin maikiromita 50 zuwa 70. Burbushin da faɗinsa bai wuce maikiromita 10 ba shi ake yi wa laƙabi da PM10, kuma galibinsa ƙurar hanya ce da ta wuraren gini. Wanda bai wuce maikiromita biyu da rabi ba shi ne PM2.5, mafi yawansa kuwa daga ƙonewa yake fitowa, ko ta man mota, ko ta kwal, ko ta itace. Ƙasa da wannan akwai wani rukuni da bai kai kashi ɗaya cikin goma na maikiromita ba, wanda shirin zai riƙa kira burbushi mafi ƙanƙanta, kuma saboda nauyinsa bai taka kara ya karya ba, ƙidaya shi ake yi maimakon a auna nauyinsa. Yawan PM2.5 kuwa ana faɗinsa ne da maikirogiram a kowace mita kubik, wato nauyin burbushin da ke cikin iskar da za ta cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ɗaya ne.

Dalilin wannan rarrabewa yana cikin ƙirar jikin ɗan Adam. Babban mutum yana shaƙar sama da lita 10,000 ta iska a kowace rana, kuma hanci da maƙogwaro da bututun numfashi suna da gashi da majina da ke tare burbushi mai ɗan girma, su mayar da shi waje ta hanyar atishawa da tari da kaki. PM2.5 yana wuce waɗannan masu gadi ya kai can ƙarshen huhu, cikin ƙananan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini, inda yake tayar da kumburi, wato martanin da jiki ke mayarwa idan baƙon abu ya shige shi. Wannan kumburi ba ya tsayawa a huhu kaɗai, domin sinadaran da yake saki suna bin jini su sa jijiyoyi su ƙage, jini kuma ya yi saurin daskarewa, shi ya sa kaso mafi girma na mace-macen da ake dangantawa da gurɓatacciyar iska ke zuwa ta bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ba ta ciwon ƙirji ba kamar yadda mutane da yawa ke tsammani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma reshenta mai binciken cutar kansa ya sanya hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa a 2012, sannan ya ƙara da burbushin iskar waje a 2013.

Alaƙar lambu da lafiya tsohuwar magana ce a Landan. Lambun Hyde Park, mai faɗin kusan hekta 142, dajin farauta ne da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace daga hannun coci a 1536, aka buɗe shi ga jama'a a 1637, kuma tun farkon ƙarni na 19 'yan majalisar Birtaniya ke kiran irin waɗannan filaye huhun Landan. A 1839 masanin ƙididdigar mace-mace William Farr ya bayyana cewa da za a yi lambu a gabashin birnin, inda talakawa ke cunkushe, da an rage mutuwar dubban mutane a shekara, sannan a 1840 mutum kusan 30,000 suka sa hannu a takardar koke ga Sarauniya Victoria, abin da ya kai ga buɗe lambun Victoria Park a 1845. Mutanen wancan zamani sun yi imani cewa ɗoyi da mummunar iska ne ke kawo annoba irin ta kwalara, kuma a kan kwalara sun yi kuskure tunda ta ruwa take yaɗuwa, amma zarginsu ga iskar birni bai faɗi ƙasa banza ba.

Gwajin gaske ya zo daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952. Sanyi ya tsananta, kowane gida ya hura kwal, iska kuma ta tsaya cak, sai wani yanayi ya auku wanda iska mai ɗumi ke zama a bisa mai sanyi ta danne ta a ƙasa, hayaƙi ya rasa hanyar tashi sama. Hazo mai hayaƙi ya lulluɓe birnin har motocin bas suka daina tafiya, wasu daga cikin shanun da aka kawo baje kolin dabbobi kuma suka shaƙe. Ƙididdigar farko ta ce mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken da aka yi bayan shekaru kuwa ya kai adadin kusan 12,000. Manyan lambunan birnin duk suna nan a lokacin, kuma hazon ya rufe su kamar yadda ya rufe tituna. Abin da ya kawo sauƙi shi ne Dokar Tsabtace Iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni. Baƙin hayaƙin da ido ke gani ya ja baya, har aka ɗauka an gama da matsalar, sai a 1993 masana na Jami'ar Harvard a Amurka suka wallafa sakamakon bin diddigin mutum sama da 8,000 a birane 6, wanda ya nuna cewa yawan mutuwa a birnin da ya fi gurɓata ya zarce na birnin da ya fi tsabta da kusan kashi 26 cikin 100, bayan an cire tasirin shan taba da makamantansa, kuma PM2.5 ne ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan bambanci. Daga nan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya riƙa tsananta, inda a 2005 ta sa matsakaicin shekara a maikirogiram 10, a 2021 kuma ta rage shi zuwa 5.

Titin Oxford, wanda yake ɗaya daga cikin titunan kasuwanci mafi cika a Turai, yana ƙarewa ne daidai kusurwar arewa maso gabas ta Hyde Park, kuma a lokacin gwajin da za a ambata yanzu kusan duk abin hawan da ke binsa bas ne da tasi masu amfani da dizal. Wannan kusanci ya ba masu bincike na kwalejin Imperial College damar yin wani gwaji da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2007. Sun ɗauki manya 60 masu fama da asma, wadda ake kira fuka, kowannensu ya yi tafiyar awa biyu a Titin Oxford, a wata rana dabam kuma ya yi irin wannan tafiya a cikin lambun, ana auna iskar da yake shaƙa da kuma ƙarfin huhunsa. Bayan tafiyar titi, yawan iskar da mutum ke iya hurowa a daƙiƙa ta farko, wanda shi ne ma'aunin da likitoci ke gane ƙuncin bututun numfashi da shi, ya ragu har da kusan kashi 6 cikin 100, raguwar da ta zarce wadda aka gani bayan tafiyar lambu, kuma ta fi tsanani ga waɗanda asmarsu ta fi nauyi.

Alƙaluman iskar kanta sun fi sakamakon huhun ba da haske. Kunkunniyar dizal a kan titi ta ninka ta cikin lambu kusan sau shida, burbushi mafi ƙanƙanta ya ninka sama da sau uku, amma PM2.5 bai wuce ninki biyu da ɗoriya ba, domin ya kai kusan maikirogiram 28 a titi da kusan 12 a lambu. Ma'anar wannan ita ce lambun ya kare masu tafiya sosai daga ɗanyen hayaƙin da ke fita daga salansa a wannan lokaci, amma kariyarsa daga PM2.5 ba ta kai haka ba, kuma ko da yake awon awa biyu ba ɗaya yake da matsakaicin shekara ba, maikirogiram 12 a tsakiyar ciyawa da itatuwa ya fi ninki biyu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so a yau.

An maimaita gwajin a kan dattawa, aka wallafa shi a mujallar Lancet a ƙarshen 2017 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kian Fan Chung. A wannan karo mutum 119 ne 'yan shekara 60 zuwa sama, wasu lafiyayyu, wasu masu daɗaɗɗiyar cutar toshewar hanyoyin numfashi, wasu kuma masu ciwon jijiyoyin zuciya. Tafiyar awa biyu a Hyde Park ta buɗe huhunsu, ta kuma sassauta jijiyoyin jininsu, amfanin da aka ci gaba da gani har washegari, alhali irin wannan tafiya a Titin Oxford ta rage wannan amfani ƙwarai, har ga lafiyayyun cikinsu, masu cutar numfashi kuwa tari da kaki da haki suka ƙaru musu. Likita da ya umarci dattijo ya riƙa tattaki kullum, bai kuma tambaye shi inda zai yi tattakin ba, ya ba shi rabin shawara ne kawai.

Shirin ya iso ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato mene ne ainihin abin da ya sa iskar lambu ta fi ta titi tsabta.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce itatuwa, amma amsar da awo ya fi goyon baya ita ce tazara. Hayaƙin da ya fito daga mota yana cakuɗuwa da iskar da ke kewaye ya tsinke yayin da yake nisa, burbushi mafi ƙanƙanta kuma yana mannewa da juna ya ragu a adadi. Wani nazari na Jami'ar Kalifoniya da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara bincike 41 da aka yi a bakin tituna, ya nuna cewa kunkunniya da burbushi mafi ƙanƙanta suna faɗuwa da sauri a cikin mita 150 na farko, kuma kusan duk gurɓatar da titi ke haifarwa tana komawa daidai da ta sauran gari kafin a kai mita 600. Wanda ke tsakiyar Hyde Park, kusa da tafkin Serpentine, yana da ɗaruruwan mitoci tsakaninsa da manyan titunan da suka kewaye lambun, amma wanda ke zaune a benci a gefen gabas, daf da titin Park Lane, iskar titi yake shaƙa ko da kuwa ciyawa ce a ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙaramin lambu mai faɗin mita 100 da tituna suka yi wa zobe ba shi da tsakiyar da za a gudu a fake, tunda gaba ɗayansa yana cikin da'irar hayaƙi.

Wannan lissafi na tazara yana da ɓangaren da ya shafi adalci. Binciken da masana na Imperial College da Jami'ar Leicester suka fitar a 2019 ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na lambuna da filayen wasan yara na Landan sun haura iyakar da doka ta sa wa iskar NO2, wadda ita ba burbushi ba ce, amma daga salansa ɗaya suke fitowa, don haka alama ce ta inda hayaƙin mota ya yi katutu. Yara ne suka fi shiga haɗari, domin huhunsu bai gama girma ba, numfashinsu ya fi na manya sauri idan aka kwatanta da nauyin jikinsu, hancinsu kuma ya fi kusa da tsayin salansa. A Disamban 2020 jami'in binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abubuwan da suka yi ajalin Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma da ta rasu a 2013, wadda gidansu ke da tazarar kusan mita 25 daga babban titin South Circular, kuma wannan ne karo na farko da aka rubuta gurɓatar iska a matsayin musabbabin mutuwa a Birtaniya.

Itatuwa suna da nasu aikin, sai dai bai kai yadda ake kururuta shi ba. Burbushi yana sauka a kan ganye ya maƙale, musamman ganye mai gashi ko kaushi ko danƙo, ruwan sama ya wanke shi zuwa ƙasa, wani kuma iska ta sake tayar da shi. Masu bincike na hukumar gandun daji ta Amurka sun ƙiyasta cewa itatuwan ƙasar sun kwashe tan miliyan 17.4 na gurɓata daga iska a 2010, adadi mai cika kunne, amma su da kansu suka ce wannan bai kai gyaran kashi 1 cikin 100 na ingancin iska ba. Kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan iska ya kai ga irin wannan matsaya a rahotonsa na 2018, cewa dashen da za a iya yi a birni ba zai rage burbushi da fiye da 'yan kaso kaɗan ba. Ƙari a kan haka, mafi yawan manyan itatuwan Landan suna zubar da ganyensu a lokacin sanyi, wanda shi ne lokacin da hayaƙin ɗumama gidaje ke ƙaruwa. A titi mai ƙunci da dogayen gine-gine a ɓangarorin biyu kuwa, manyan itatuwan da rassansu suka haɗe a sama suna iya hana hayaƙi tashi, su tara shi daidai inda masu tafiya a ƙasa ke numfashi.

Inda tsiro ke yin tasiri a fili shi ne idan ya tsaya a matsayin katanga tsakanin hayaƙi da mutum. Masana na Jami'ar Surrey ƙarƙashin Farfesa Prashant Kumar sun nuna cewa shinge mai kauri, wanda ganyensa ya fara tun daga ƙasa ya kai tsayin mutum, yana rage hayaƙin da ke isa bayansa fiye da dogon itacen da gindinsa fayau yake. A birnin Lancaster, Farfesa Barbara Maher da abokan aikinta sun jera ƙananan itatuwan da Turawa ke kira birch a gaban wasu gidaje na bakin titi, suka auna ƙurar da ta taru a fuskar talabijin a cikin ɗakunan, suka tarar ta ragu da sama da rabi. Saboda haka tsarin dashe ya fi yawan dashe muhimmanci, kuma hukumar da ta sanar da dasa itatuwa dubu kaza a matsayin maganin hayaƙin motoci ta zaɓi aikin da ya fi kyan hoto ne ta bar wanda ya fi wuya. Inuwa da sanyaya gari da riƙe ƙasa sun isa hujjar dasa itace, ba sai an ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Saura maganar maikirogiram 12 ɗin nan da aka auna a tsakiyar lambu. Babban kaso na PM2.5 na Landan ba a titin da ke kusa aka haife shi ba. Wani a sararin sama yake haɗuwa, lokacin da iskar amoniya da ke tashi daga takin zamani da kashin dabbobi a gonaki ta gamu da iskar da injuna da masana'antu ke fitarwa, su dunƙule su zama burbushi, wani kuma daga murhun itacen da masu hali ke kunnawa a falo yake fitowa. Irin wannan burbushi yana iya kwanaki a sama yana tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, kuma idan ya sauka a kan birni bai san lambu ba bai san kasuwa ba. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2014 mutanen Landan sun wayi gari da jar ƙura a kan motocinsu, jaridu suka ɗora laifin gurɓatar makon a kan hamadar Sahara, amma nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa mafi yawan burbushin daga gonaki da injunan Turai ya samo asali, ƙurar hamada ƙari ce kawai.

Abin da ya zo wa Landan a matsayin baƙo na 'yan kwanaki shi ne abokin zaman mutanen Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram na tsawon watanni. Kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, wanda busasshen gindin wani tsohon babban tafki ne, ana lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, domin iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi garin ƙasarsa, iskar hunturu kuma ta ɗauko shi zuwa kudu maso yamma daga wajen Nuwamba zuwa Maris. A ranar da hazo ya sauka har jirage suka kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, burbushin da ke iska yana ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau da yawa, kuma babu lambu ko inuwar darbejiya da za ta tace shi. Mai asma ko ciwon zuciya a irin wannan rana ɗaki ya fi masa, idan fita ta zama dole kuwa takunkumi irin N95 da ya zauna daram a fuska ne ke tare PM2.5, ƙyalle ko rawani manyan ƙwayoyin ƙura kawai suke tarewa.

Wannan bayani ba hujja ba ce ta barin motsa jiki. Gaskiya ne mai gudu yana shaƙar iskar da ta ninka ta mai zaune sau da yawa, kuma yana shaƙarta ta baki, inda babu gashin hanci da zai tace ta, amma lissafin da masana na Jami'ar Kambirij suka jagoranta a 2016 ya nuna cewa amfanin tafiya da tuƙa keke ya rinjayi illar iska a kusan dukan biranen duniya, har ma a inda PM2.5 ya kai maikirogiram 100, sai mutum ya wuce awa ɗaya da rabi a kan keke kullum, ko awa 10 yana tafiya a ƙasa, kafin illar ta rinjayi amfanin. Wannan lissafi na lafiyayyu ne, kuma na tsawon rayuwa ne, bai shafe abin da aka gani a huhun dattawan Titin Oxford ba. Abin da ya rage ga mutum shi ne zaɓin wuri da lokaci, ya kutsa can cikin lambu maimakon ya riƙa zagaya gefensa, ya kuma kauce wa lokutan cunkoson motoci. Akwai ma wani zato da ya kamata a gyara, cewa iskar asuba ta fi kowace tsabta. A lokacin sanyi, yanayin nan na dannewar iska da ya auku a 1952 yana faruwa a ƙaramin mataki da daddare, ya riƙe hayaƙin dare da na safiya kusa da ƙasa har sai rana ta ɗaga ta ɗumama gari, don haka sau da yawa iskar hantsi ko ta bayan azahar ta fi ta sassafe sauƙi.

Lambu kuma yana iya haifar da nasa hayaƙin. Akwai titin mota da ya ratsa ta gadar tafkin Serpentine tsakanin Hyde Park da lambun Kensington, akwai janaretocin da ake girkewa idan ana manyan bukukuwa, akwai kuma motocin sayar da askirim da kan bar injin dizal a kunne daidai inda yara ke layi, kuma hukumar da ke kula da lambunan masarauta ta hana gashin nama da kunna wuta a cikinsu. Wannan ɓangare ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa kafin a gyara shi, a Landan ko a ko'ina, domin busasshen ganyen da aka share aka tara aka cinna wa wuta a kusurwar fili yana iya mayar da iskar wurin ta fi ta bakin titi muni na tsawon sa'o'i, alhali da an binne shi taki zai zama, haka kuma share busasshiyar ƙasa ba tare da yayyafa ruwa ba yana mayar da ƙurar da ta riga ta kwanta cikin hancin jama'a.

Matakin da Landan ta ɗauka a shekarun baya-bayan nan ya koma kan mafarin hayaƙin ne, kamar yadda aka yi a 1956. A Afrilun 2019 magajin garin, Sadiq Khan, ya ƙaddamar da yankin taƙaita hayaƙin mota da ake kira ULEZ a tsakiyar birnin, inda duk motar da injinta bai cika ƙa'ida ba ke biyan fam 12.50 a rana, aka faɗaɗa shi a 2021, sannan ya game dukan ƙananan hukumomin Landan a Agustan 2023, duk da adawar masu ƙananan sana'o'i da ke ganin nauyin ya fi faɗa wa wanda ba shi da halin sauya mota. Sababbin motocin dizal suna ɗauke da matata a salansa da ke kama mafi yawan kunkunniya, bas masu lantarki kuma suna ƙaruwa, sai dai wani rahoton kwamitin ƙwararrun nan na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na PM2.5 da ababen hawa ke haifarwa a Birtaniya, da kashi 73 cikin 100 na PM10, daga gogewar birki da cinyewar taya da kwalta suke fitowa, ba daga salansa ba. Motar lantarki ma tana da taya, kuma batirinta ya sa ta fi takwararta nauyi, don haka filin wasan yaran da aka kafa a bakin babban titi zai ci gaba da karɓar wannan burbushi ko bayan injin dizal na ƙarshe ya bar hanya. Burin da gwamnati ta sa wa Ingila a doka shi ne matsakaicin PM2.5 na shekara ya sauko zuwa maikirogiram 10 nan da 2040, wanda ninki biyu ne na ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021.